Ka sayi sola, amma ina farantinka yake kallo?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa, farantan sola kuma suka mamaye rufin kwano. Sai dai har yanzu za ka ji ana ƙorafin cewa batir ba ya kai ƙarfe biyun dare, fanka ta tsaya ana tsakiyar zafi. Nan take sai a ce batirin jabu ne. Kafin ka koma kasuwa da faɗa, ɗaga kai ka duba inda aka ɗora farantin.

Mu nan muna arewa da layin ikwaita, don haka a yawancin watannin shekara rana tana ratsawa ne ta ɓangaren kudu. To farantinka ya fuskanci kudu. Kada ka auna da alƙibla, domin a Kano ta karkata zuwa arewa maso gabas, za ta rikita maka lissafi. Kamfas ɗin wayarka ya isa, amma ka duba shi a ƙasa, nesa da kwano da ƙarafa.

Sai batun jingina shi. Bidiyon da kake gani a TikTok ko YouTube daga Ingila, inda ake karkata faranti digiri 30 zuwa 40, na ƙasarsu ne. Ɗan Ostareliya kuma zai ce maka ka kalli arewa, shi ma gaskiyarsa ce. Ƙa'idar ita ce karkatar ta yi kusa da nisan garinku daga ikwaita: Kano wajen digiri 12, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, Abuja 9. Wani zai ce ai daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana kan ɗan koma arewa da tsakiyar kai, me ya hana a shimfiɗa shi kwance? Ƙura da ruwa ne za su kwanta a kai. Karkatar digiri 10 zuwa 15 tana sa ruwan sama ya wanke maka shi kyauta.

Inuwa kuwa, ita ce ɓarauniyar da ba a lura da ita. Ƙananan gidajen da ke jikin farantin a jere suke kamar sarƙa, idan inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya ta rufe kaɗan daga ciki, ƙarfin da ke fita yakan faɗi fiye da girman inuwar. Mai haɗawa yana zuwa da tsakar rana, ya ga ko'ina tas, ya ɗaure ya karɓi kuɗinsa. Kai ka leƙa da ƙarfe tara na safe da kuma uku na yamma. Ka tuna kuma a Disamba rana tana yin ƙasa sosai ta kudu, inuwar benen maƙwabci tana ƙara tsawo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: haske faranti yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Idan aka manna shi da kwano a watan Afrilu, gasuwa kawai yake. A bar rata a ƙarƙashi iska ta riƙa wucewa.

Da hunturu, ƙura na iya lulluɓe gilashin cikin 'yan kwanaki. Ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ban da soson ƙarfe, kuma don Allah kada ka tura ƙaninka ɗan firamare saman kwano.