Hawan Jinin Da Ke Fitowa Daga Ƙoda

Jama'a da yawa suna zaton hawan jini ciwon tsofaffi ne kawai. Ba haka ba ne. Akwai wani irinsa da ya fi kama matasa, musamman mata. Tushensa yana cikin ƙoda.

Yadda Yake Faruwa

Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin. Aikinsa shi ne ya ɗaga ƙarfin bugun jini idan ya yi ƙasa. Wani lokaci ɗan ƙari yakan tsiro a ƙoda, sau da yawa bai fi goro girma ba. Sai ya riƙa zuba renin fiye da kima. Jijiyoyin jini su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Likitoci sun fara bayanin wannan ƙari a 1967. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma yawanci ba kansa ba ne.

Alamomi

Ciwon kai mai tsanani. Ƙishirwa. Yawan fitsari, har da dare. Kasala da mutuwar jiki, saboda wani gishirin jiki mai suna fotasiyam yana zubewa cikin fitsari.

Yadda Ake Gane Shi

Matakin farko shi ne awo. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Ana yin awon a Babban Asibitin Argungu da Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, har ma da ƙananan asibitoci. Idan mai ciwon matashi ne, ko magani ya kasa sauko da jinin, likita zai nemi dalili. Zai sa a gwada jini, a ɗauki hoton ƙoda. Yana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Magani

Da farko ana ba da ƙwayoyi don jinin ya sauka. Daga nan a yi aiki a cire ƙarin, sau da yawa ba tare da cire ƙodar duka ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin, jininsu yakan koma daidai.

Idan aka yi sakaci, ciwon yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko ya lalata zuciya da idanu. Kada a sayi maganin hawan jini a kasuwa. Wasu irinsa suna cutar da ɗan da ke ciki. Magidanci, idan matarka ko 'yarka tana yawan kukan ciwon kai, ka kai ta a auna jininta.