Shin Dole Ne a Sa Bututu Bayan Cire Matsarmama?

Matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, wata 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta. Aikinta shi ne adana ruwan ɗaci da hanta ke samarwa domin narkar da maiƙo a cikin hanji. Idan tsakuwa ta taru a cikinta har ta haddasa ciwo ko kumburi, likitoci kan cire ta ɗungurungum. Wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, shi ne ya fara yin wannan tiyata a birnin Balin a shekarar 1882.

Shekaru da dama likitocin fiɗa sun saba barin wani siririn bututun roba a cikin majiyyaci bayan aikin. Bakinsa ɗaya yana gurbin matsarmamar, ɗayan kuma yana zuba a cikin jaka a waje. Hujjarsu ita ce, in jini ko ruwan ɗaci ya tsiyaya, za a gan shi da wuri kafin ya taru ya yi ɓarna.

A shekarar 1985 Erich Mühe, shi ma a Jamus, ya cire matsarmama ta ƙananan kafofi da na'urar hangen ciki. Da wannan hanya ta yaɗu, majiyyata suka riƙa komawa gida da wuri, sai aka soma tambaya ko bututun yana da amfani.

Ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta fitar da nazari a 2007, ta sabunta shi a 2013. Ba ta sami hujjar sa wa kowane majiyyaci bututu ba matuƙar aikin ya tafi lami lafiya. Dalili kuwa, ɗan ruwan da ke taruwa jiki kan shanye shi da kansa. Bututun kuma yana iya toshewa, likita ya ga jaka wayam ya zaci lafiya lau alhali ruwa na taruwa a ciki. Haka nan yakan ƙara raɗaɗi, ya jinkirta sallama.

Duk da haka, akan sa shi in matsarmamar ta ruɓe, ko an tarar da mugunya, ko ana zargin magudanar ɗaci na yoyo. Likita ne ke yanke shawara bisa abin da ya gani da idonsa.

Da bututu ko babu, majiyyacin da ya ji zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko idanunsa suka yi rawaya bayan sallama, wajibi ne ya koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.