Esi Na Kunne, Batir Na Mutuwa: Yadda Ake Gane Altaneta Ta Yi Wa Mota Kaɗan

A watannin Maris da Afrilu, direban da ya taso daga Randagi zuwa garin Birnin Gwari ko Kaduna ba ya son kashe esi. Amma a wannan hanya da ta ratsa daji, inda matsalar tsaro ta sa kowa ke gudun tsayawa, motar da batirinta ya mutu ba ƙaramin tashin hankali ba ce. Sau da yawa kuma ana sayen sabon batir a banza, alhali laifin na altaneta ne.

Injin mota ne ke juya kwamfureson esi ta hanyar bel, don haka ba shi ke shan wuta ba. Masu shan wutar su ne fankar da ke hura iska cikin mota, fankar gaba mai sanyaya kwandensa, da kulocin da ke kama kwamfureso. A haɗa su da fitilun gaba da cajin wayoyin fasinja, sai buƙatar ta wuce abin da ƙaramar altaneta ke bayarwa, musamman a silo, lokacin da take juyawa a hankali. Gibin kuwa daga batir ake cike shi. Hakan ya fi faruwa idan an sa wa mota altaneta ta-hannu da aka ciro daga motar da ba ta da esi, ko aka haɗa esi daga baya.

Gwajin bai da tsada. Akwai cajar waya ta mota mai nuna ƙarfin wuta a fuskarta, akwai kuma na'urar ELM327 da ake sokawa a ramin OBD2, ta aiko da lambobin zuwa waya ta Bluetooth a manhaja irin su Torque. Lafiyayyen batir, inji a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6. An tayar da mota, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Sai a kunna esi, a ƙure fanka, a kunna fitilu. Idan lambar ta sauko ƙasa da 12.6 a silo, batir ne ke ciyar da motar. A taka totur zuwa juyi 2,000 a minti: in ta koma sama da 13.5, altanetar na aiki, ƙarfinta ne bai kai ba.

In kuwa ba ta tashi ba, maganar ta canja. Mai rewaya ya duba bel ko yana zamewa, da wayar as da kan batir ko sun yi tsatsa, da buroshi da dayod na ciki. Kafin a biya kuɗin wata, a karanta amfiyar da ke rubuce a jikinta, a kwatanta da wadda kamfani ya sa wa irin motar mai esi. In aka ƙara girma, a ƙara kaurin wayar da ke kai wuta batir.