Tukunyar da Katafila Ta Tono

Duk lokacin da aka soma aikin hanya a wannan yanki namu na Karaye da Rogo, har nan Daura (tamu nake nufi, ba ta rijiyar Kusugu ba), da zarar katafila ta yanki tudu ko an buɗe ramin ɗibar burji, sai ka ji raɗe-raɗi sun cika kasuwa cewa an tono tukunyar dukiya, kuma kafin labarin ya isa kunnen dagaci an riga an farfashe ta ana neman zinariya. Na gaji da jin wannan magana.

Haƙiƙa abin da ƙasa ta fi ɓoyewa a kufai shi ne tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin maƙera, da gatarin aradu, wanda mutum ne ya wasa shi da hannunsa tun kafin a san ƙarfe, ko da yake kakanninmu sun ce daga sama yake faɗowa. Ban musa cewa an taɓa samun zinariya ba, gama an same ta a Durɓi ta Kusheyi cikin ƙasar Katsina, inda wani Bature mai suna Palmer ya fara tono a 1907, aka kuma sake a 1992; amma fa waɗannan kusheyin sarakuna ne, kuma hankali ba zai karɓi cewa kowane tudu sarki ne kwance a ƙarƙashinsa ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin rikazi, wato dukiyar da aka tsinta a binne, da humusin da ake fitarwa daga cikinsa, sai dai ban taɓa jin wanda ya yi fatawar a fasa tulun da babu komai a ciki sai toka ba. Alhali kuwa tokar nan ita ce fa'idar, domin da gawayin da ke cikinta masana ke ƙiyasta shekarun wurin, kamar yadda aka gane cewa ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. In aka ɗauke tukunya daga inda take kwance, aka zubar da cikinta, an mai da ita shaidar da ba ta da isnadi. Kan mutum-mutumin nan na ƙasar Jama'a da aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg a 1943, wanda ya buɗe ƙofar sanin al'adar Nok, shi ma daga ramin kuza ya fito, kuma sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin a san darajarsa.

Gaggawar 'yan kwangila ma tana da nata laifin, kuma mutanen Kano ba su manta yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba.

To, wanda Allah ya nufa da ganin irin wannan abu, kada ya ɗaga shi, kada ya wanke, kada kuma ya sa fartanya ya ƙara zurfin ramin. Ya ɗauki hotonsa yadda yake kwance, daga kusa da daga nesa, ya ajiye biro ko takalmi a gefe don a gane girmansa, sa'an nan ya buɗe taswirar da ke cikin wayarsa ya sa alama a daidai wurin. Ya sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai gaba har maganar ta isa ga hakimi da ma'aikatan Gidan Makama, ko hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Da irin waɗannan alamomi ake gina taswirar intanet wadda ɗalibi zai taɓa ɗigo guda ya ga hoto da bayanin abin da aka samu. Jami'ar Kambirij ta soma irin wannan aiki a 2020 don ƙasashen Afirka takwas, har da Mali da Senegal, amma babu Nijeriya a ciki. Sai dai a yi hattara, kada a watsa ainihin wurin a Facebook, domin dillalan da suka wawashe gumakan yumɓu na Katsina da Sakkwato a shekarun 1990 su ma suna da waya a aljihu.