Duwatsun Birnin Kudu Amana Ce a Hannun Jama'a

A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai wasu duwatsu masu tarihi. Daga cikinsu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Masana sun ce irin waɗannan duwatsu sun yi miliyoyin shekaru. Asalinsu narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe su, har suka fito fili.

A jikin duwatsun akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi. Wasu shanun ba su da tozo, ba kamar shanun Fulani na yanzu ba. Akwai kuma duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su sai su yi amo kamar kuge. Wani masani mai suna Bernard Fagg ya yi bincike a kansu a shekarun 1950. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke da alhakin kare irin waɗannan wurare.

To, amma ma'aikatan hukuma ba za su iya tsare kowane dutse dare da rana ba. Masu fasa dutse suna neman tsakuwar gini. Hayaƙin wuta yana baƙanta zane. Yara kan rubuta sunayensu da gawayi. Wani baƙo kuma sai ya watsa wa zanen ruwa don ya gani sosai, alhali ruwan yana sa shi koɗewa.

A nan ne aikin sa kai yake da amfani. Matasa za su iya yin gayya su nome ciyawar gefen dutse kafin rani, saboda wutar daji. Za su iya raka baƙi, su hana taɓa zanen. Wanda ya iya karatu sai ya rubuta allon gargaɗi. Idan aka ga mai ɓarna, a sanar da dagaci ko mai unguwa. Masu fasa dutse kuwa abincinsu suke nema, sai a zauna da su a nuna musu wurin da babu zane.

Bishiya idan aka sare ta tana iya tohowa. Dutse kuwa in ya zama tsakuwa, ya tafi ke nan.