Idan Imel Ya Yi Jinkiri a Ofis: Ina Gizo Ke Saƙa?

A ƙananan ofisoshin da ke nan Television da maƙwabtanmu Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha, na makaranta ne ko na ikkilisiya ko na asibiti, akwai kukan da muke yawan ji: "Imel ba ya tafiya." Sakatare ya aika da wasiƙa da ƙarfe 9 na safe, ba ta isa ba sai da yamma. Nan take wani ya ce a sayi sabuwar kwamfuta, wani ya ce a sake kamfanin intanet. A kashe kuɗi, ciwon kuwa yana nan daram. Duk ofishin da takardar neman tallafin karatu ko jerin sunayen masu jarrabawa ya taɓa makara a hannunsa ya san zafin wannan asara. Abin da muke so mu nuna shi ne, ana bin sawun wasiƙa zango zango har a gano inda ta tsaya, kafin a taɓa aljihu.

Hanyar da wasiƙa take bi

Bari mu ɗauki misali da garejin Television. Idan za mu aika da saƙo Kafanchan, yaro zai kai shi gareji, a ba direba, mota ta jira har ta cika, a kama hanyar Kachia, a sauke a tashar can, mai saƙo ya zo ya karɓa. Idan saƙon ya makara, laifin yana iya zama na yaro, ko na gareji, ko na hanya, ko na tashar can.

Haka imel yake. Yana tashi daga kwamfutar ma'aikaci, ya bi wayoyin ofis zuwa babbar kwamfutar da ke tara wasiƙu tana rarraba su, wadda ake kira uwar garke. Ita ce garejinmu. Daga nan uwar garke ta tambayi kundin adireshi na intanet, wato DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, inda uwar garken mai karɓa take. Sai ta miƙa mata wasiƙar bisa ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a Amurka a 1982. Wasu ofisoshi suna da tasu uwar garke a ɗaki, wasu kuwa haya suke yi a wurin wani kamfani, amma hanyar duk ɗaya ce.

Mataki na ɗaya: tambaya

Mai tambaya ba ya ɓata. Mutum ɗaya ne yake kuka, ko kowa da kowa? Idan mutum ɗaya ne, a duba kwamfutarsa, domin akwatin da ya tara wasiƙun shekaru da yawa yakan yi nauyin buɗewa. Kullum ne, ko a wani lokaci na musamman, kamar safiyar Litinin? Aikawa ce take jinkiri, ko karɓa? Sa'an nan a yi gwaji mai sauƙi: a aika da wasiƙa ɗaya ga abokin aiki a cikin ofis, ɗaya kuma zuwa wani adireshi na waje. Idan uwar garke tana ofis, ta ciki ta isa nan da nan, ta waje ta makara, to mu mai da hankali ga ƙofar fita.

Mataki na biyu: karanta hatimi

Kamar yadda gidan waya yake buga hatimi a kan ambulan, kowace uwar garke da wasiƙa ta ratsa tana rubuta sunanta da lokaci a kanta. Waɗannan layuka a ɓoye suke, amma yawancin manhajojin imel suna da wurin nuna su; a Gmail sunansa Show original. Kowane layi yana farawa da kalmar Turanci Received, kuma daga ƙasa zuwa sama ake karanta su. A misali, idan na farko ya nuna 09:02, na biyu 09:03, na uku 13:40, to wasiƙar ta zauna tsakanin zango na biyu da na uku. A lura da alamar agogo: +0100 lokacin Nijeriya ne, +0000 kuwa yana bayanmu da sa'a ɗaya. Wanda ya manta da wannan zai ɗora wa marar laifi jinkirin sa'a guda.

Mataki na uku: wayoyin ofis

Akwai ƙaramin umarni mai suna ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinsa kamar sallama ne a ƙofar gida: yana kiran wata kwamfuta, ya ƙidaya lokacin da ta ɗauka kafin ta amsa. A cikin ofis, a kan waya mai lafiya, amsa takan dawo cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na sakan. Idan wasu kiraye-kirayen suna ɓacewa, a bi waya da ido da hannu. Ɓera yakan ci ta, kanta yakan saki, kuma irin wayar da muke amfani da ita bai kamata tsawonta ya wuce mita 100 ba.

Mataki na huɗu: uwar garke

A duba faifan ajiyarta. Idan ya kusa cika, takan ƙi karɓar sababbin wasiƙu. A duba ɗakin da take: ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke cikinta, zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, na'ura kuwa idan ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata ajiya, shi ya sa batirin tsaro ya zama dole.

Bayan haka a duba layin jira. Idan uwar garken can ba ta karɓi wasiƙa ba, tamu ba ta yar da ita. Ƙa'ida ta ba da shawarar a dakata aƙalla minti 30 kafin a sake gwadawa, a ci gaba har kwana 4 ko 5. Kusa da kowace wasiƙa mai jira akan rubuta dalili. Idan muka tarar da dubban wasiƙun da babu wanda ya rubuta su a ofis, alama ce an sace kalmar sirrin wani, 'yan damfara suna aiki da ita. Wannan yakan jawo ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, su sa adireshin ofis a jerin waɗanda ake ƙyama. Idan kuwa kowace wasiƙa, babba da ƙarama, tana tsayawa na sakan iri ɗaya, to a zargi DNS: uwar garke tana tambaya, ba a amsa mata da wuri.

Mataki na biyar: ƙofar fita

A yawancin layukan intanet, hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Ga lissafi ga 'yan ajinmu: hoton da aka liƙa wa wasiƙa yakan ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Hotuna masu megabait 15 za su koma 20, wato megabit 160. A layin da ke fitar da megabit 1 a sakan, wannan sakan 160 ke nan, kusan minti 3, sauran wasiƙu suna raba ƙunƙuntar hanyar da ita. Balle a ce wayoyin hannu na ma'aikata goma suna kan layin.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin ofis. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Haka nan daga Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsananta dokar tantance mai aikawa, ta alamun SPF da DKIM. Wasiƙar da ba ta da ko ɗaya cikinsu tana iya dawowa ko ta faɗa kwandon shara.

Shawararmu ta ƙarshe

Kowane ofis ya ajiye littafi kusa da uwar garke. A rubuta lokacin da amsar ping take ɗauka a ranar da kome yake lafiya, domin a sami abin kwatantawa ranar matsala. A canja abu ɗaya tak a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Ku kuma ɗalibanmu masu fita, yawancinku za ku shiga irin waɗannan ofisoshi. Kafin hutu ya ƙare, kowa ya buɗe wasiƙa ɗaya, ya nemo layukan hatimi, ya ƙidaya zangon da ta ratsa da mintin da ta yi a kowanne. Gani ya kori ji.