Fetur A Cikin Jarkar Ruwa: Yadda Tsadar Makamashi Ta Rage Wanka Da Wanki A Illela

Duk wanda ya san hanyar da ruwa ke bi ya shiga gida a Illela ya san cewa kuɗin ruwa kuɗin mai ne. Rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai an tayar da injin da ke zuƙo shi daga ƙasa zuwa tanki. Injin nan in babu wutar lantarki sai janareta, janareta kuwa sai fetur ko dizal. Daga bakin tanki ɗan ga-ruwa ke cika jarkokinsa, ya turo kura har ƙofar gida. Shi ya sa ranar da lita ta tashi a gidan mai, ba a kwana biyu jarka ta tashi a zaure. Ruwan sha da na girki ba su da sassauci, don haka idan magidanci ya ce a yi maneji, wanka da wanki ne ke fara shan wuƙa.

Tsimin ruwa ba baƙon abu ba ne a garin da ke bakin sahara, inda damina ba ta wuce wata huɗu. Abin da ya kamata a duba shi ne wane wanka ake ragewa, na wa ake ragewa, kuma me gida ke biya daga baya.

Inda tsadar ta samo asali

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma zuwa Oktoba 2024 ta zarce naira 1,000 a gidajen man kamfanin NNPC. A Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta kai sama da 1,500 a farkon 2024. Wannan ya taɓa sabulu da omo, ya taɓa kayan gyaran inji da ake shigowa da su daga waje. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Wannan ƙunci na kowa ne, amma Illela tana da nata ƙari. Garin yana kimanin kilomita 80 arewa da Sakkwato, Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar kuma yana gabansa kaɗan. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don toshe fasa-ƙwauri. Daga baya an sassauta wa wasu gidajen, amma dokar ta jefa mutanen bakin iyaka hannun 'yan bumburutu, waɗanda galan ɗinsu bai taɓa zama daidai da farashin famfo ba. Mai burtsatse a Illela ya saba sayen mai da tsada tun kafin a cire tallafi.

Sai kuma juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wanda ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Takunkumin ECOWAS ya rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela, ba a sake buɗewa ba sai Maris 2024. Garin da ke ci daga kasuwar Lahadi, daga dako da dillancin dabbobi da canjin sefa, ya wayi gari samu ya ragu a daidai lokacin da komai ke tashi. Wutar lantarki ba ta kawo ɗauki ba. Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, a ƙarshen layi mai tsawo, kuma a Oktoba 2024 lalacewar manyan layuka ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

A ɗauki gida mai mutum goma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata don sha da girki da ɗan tsabtace jiki, tana kuma ganin sai an kai lita 50 kafin wanka da wanki su wadata. Ko a kan lita 20 aka tsaya, gidan nan yana buƙatar lita 200, wato jarka takwas mai cin lita 25. A ƙaddara an ƙara naira 50 kacal kan kowace jarka: naira 400 ke nan a rana, 12,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne, kuma akasarin masu sayen ruwan ba su da albashi ma.

Abin da ake fara yankewa

Tsimin yana da tsari, kuma mutunci ne ke jan ragamarsa. Bahaushe ba ya yarda a ga gazawarsa a waje. Shaddar mai gida ta Juma'a za ta sha wanki da guga ko da kuɗin bashi ne. Kayan makarantar boko za a ɗauraye su, domin malami zai duba. Abin da ke bayan labule ne ke jira: zanin gado, gidan sauro, tufafin da uwargida ke aikin gida da su, da tsummokaran goyo. Wankin da ake yi sau biyu a mako ya koma sau ɗaya, ɗaurayar da ake yi sau uku ta koma ɗaya, sabulu bai gama fita ba aka shanya.

Haka wanka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, mutum kan so ya watsa ruwa safe da yamma. Yanzu gidaje da dama sun tsaya a kan sau ɗaya. Wanda zai fita kasuwa shi ke samun bokiti, yara kuma a tara su biyu ko uku a baho guda, a cuɗa na farko da ruwa mai kyau, na ƙarshe ya samu abin da ya saura. Uwar da ta raba ruwan ita ke zuwa ƙarshe, wani lokaci da buta ɗaya. Babu wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, haka rabon ke faɗuwa idan abu ya yi kaɗan.

Akwai kuma dabarun da ba su da aibu. Ruwan ɗauraya na komawa wanke makewayi ko yayyafa tsakar gida. Ruwan alwala ana tara shi a ba shuka. Wasu na ajiye baƙar jarka a rana tun hantsi, zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumi ba tare da an hura wuta ba. Dutsen guga na gawayi ya dawo gidajen da suka daɗe da ajiye shi.

Hunturu da wankan jego

Daga Disamba zuwa Janairu lissafin yana sauyawa, domin ruwan sai an ɗumama. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka, gas na 'yan ƙalilan ne, saura itace da gawayi da kara. Itacen ma ya yi nisa. Sakkwato na cikin jihohin da hamada ke ci, kuma dazukan gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, sun zama wuraren da mai saran itace ke shiga da fargabar 'yan bindiga. Motar da ke kawo shi kuma mai take sha. Murhun duwatsu uku ya ƙara dagula lamarin, domin ɗan kaɗan ne daga zafin wutar ke shiga tukunya, saura iska ke kwashewa. A irin wannan sanyi yaro kan kwana biyu ko uku ba a yi masa wanka ba, a wanke masa fuska da ƙafa a shafa mai.

Babu inda tsadar itace ta fi fitowa fili kamar wankan jego. Al'ada ta tanadi mai jego ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa, safe da yamma, ana fyaɗa mata shi da ganyen dogon yaro ko na tsamiya, ga kunun kanwa. Tara itacen wannan hidima nauyin miji ne, kuma tulinsa a ƙofar gida shaida ce cewa ya cika namiji. A yau wasu gidaje sun mai da wankan sau ɗaya a rana, wasu sun rage kwanakin, wasu sun sauko daga tafasasshen ruwa zuwa mai ɗumi.

A nan tsadar ta zo da abin da likitoci suka daɗe suna nema. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da tsananin zafin wankan da gishirin kanwa. Binciken baya-bayan nan a Kano ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da talauci, amma ba a jayayya cewa ruwa mai tsananin zafi na ƙona fata. Sai dai akwai haɗari a ɗaya gefen. Idan rage wankan jego ya zama rage tsabtar mai jego da jaririnta gaba ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba.

Riba da asara

Ribar a fili take: kuɗin jarka biyu ko uku a rana sun koma cefane, itace ya ɗan daɗe, bishiya ta ɗan huta. Asarar ce ba ta zuwa rana ɗaya. Ƙazwa tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe kan shimfiɗar da ba a wankewa, makero da ƙwarƙwata ma haka, kuma makarantun allo ne suka fi shan wahalarsu. Amosanin ido, wanda ya daɗe yana makantar da mutane a ƙasar Sakkwato, wanke fuskar yara na cikin ginshiƙai huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa don yaƙarsa. Wanke hannu da sabulu kuwa yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2021 Nijeriya ta samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,000 suka rasu, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Garin da ke karɓar baƙi daga ƙasashe biyu kowane mako ba shi da damar sakaci da wannan. Kwanciya ɗaya a asibiti da ledojin ƙarin ruwa na iya cinye abin da aka tara na wata da watanni.

Akwai kuma masu cin abinci daga ruwan. Mai wanki da guga yana sayen ruwa da sabulu da gawayi da tsada, kaya kuma sun ragu. Mai gidan wanka a tasha, wanda direbobi da fatake ke dogaro da shi, ko ya ƙara kuɗi ko ya rage bokiti. Ɗan ga-ruwa shi ke shan zagi a ƙofar gida, alhali shi ma a bakin tanki aka ƙara masa.

Turai ma ta ɗanɗana wani abu makamancin wannan a 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin gas. Ministan tattalin arzikin Jamus na lokacin, Robert Habeck, ya ce ya rage daɗewa a wanka, firimiyan jihar Baden-Württemberg na lokacin, Winfried Kretschmann, ya ba da shawarar a riƙa goge jiki da tsumma. Amma Bajamushe daga cikin yalwa ya rage, famfonsa bai daina zuba ba. Mutumin Illela daga abin da tun farko bai kai ba yake ragewa, don haka nasihar da ta dace da Berlin tana iya zama cuta a nan.

Addini ya riga ya shata iyaka a tsakani. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san tsarki na cikin abin da ake fara koya masa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, yana wanka da sa'i, wanda bai wuce 'yan litoci ba. Wannan ya nuna ana iya tsarkaka da ruwa kaɗan, ya kuma nuna ƙarancin ruwa ba hujjar barin tsabta ba ce. Limaman Juma'a na da bakin da za su raba wa jama'a tsimi da ƙazanta fiye da kowane jami'in lafiya.

Abin da zai sauya lissafin

A matakin gida, ya kamata a juya tsarin rabon. Hannu kafin cin abinci da bayan fita makewayi, fuskar yara, tsabtar mai jego da jariri, da shimfiɗar kwana su ne na gaba. Ko babu ruwan wanki, shanya tabarma da bargo a rana yana taimakawa. Guga da yawan wanke manyan riguna su ne za su iya jira. Murhu mai tsimin itace, ko da na laka ne da magina ke yi, yana rage kuɗin ruwan ɗumi a hunturu.

Amma babban aikin ya fi ƙarfin uwargida. Muddin fetur ne ke ɗago ruwa daga ƙasa, duk motsin farashin mai zai ƙare a bahon yara. Ranar da ke ƙona Illela ita ce makamashin da ba a saye, kuma burtsatse mai aiki da sola ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Sakkwato da na Tawa ta Nijar. Tsadarsa a farko take, bayan nan sai gyara. Inda irin waɗannan rijiyoyi ke mutuwa shi ne inda aka ƙaddamar aka watse, babu kwamitin unguwa, babu asusun gyara, babu mai gadin faifan sola. Ƙaramar hukumar Illela, wadda ke karɓar haraji a kasuwar dabbobi kowace Lahadi, tana iya fara mai da burtsatsen kasuwa da na tasha da na manyan makarantun allo zuwa sola, ta kuma taimaka wa masu burtsatse na kasuwanci da bashin kayan aiki bisa sharaɗin su sauke farashin jarka. Kuɗin da za a kashe a wannan bai kai wanda ake kashewa ba idan annoba ta ɓarke da damina.